Ɗan Bulo Ya Rasu da Makin Ayuba a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta miƙa wuya ga ƙaddara, ni Malam Yusha'u, malamin aji huɗu, a madadin iyalina da sauran mazauna gidan hayarmu da ke Kurmin Mashi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar ɗan abin wasan nan na hannu da yaran layinmu suka sani da suna Ɗan Bulo. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tafin hannun 'yata Hansai, bayan doguwar jinya.

Saboda waɗanda ba su san gidan ba, gida ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ƙofarmu tana kallon ƙofar Bulus, mutumin kudancin Kaduna, mai buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Yana zaune da matarsa Magajiya da ɗansu Ayuba, tsaran Hansai. Ba mu da talabijin, su ma ba su da ita. Yaran biyu kan tafi leƙen tagar wani maƙwabci da yamma, a bar su wata rana, a sauke musu labule wata rana, su dawo suna gardamar yadda wasan da ba su gama gani ba ya ƙare.

A cikin wannan hali marigayin ya iso, a aljihun Bulus, daga Babbar Kasuwa, a Kirsimetin shekarar casa'in da ɗaya. Launinsa toka-toka ne, madannansa rawaya, tsawonsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Yana da ɗan gilashi a goshi, inda bulo ke saukowa daga sama ɗaya bayan ɗaya. Aikin mai wasa ya jera su. Layin da ya cika sai ya ɓace, marigayin ya ce kiririt. Idan tsibin ya taɓa sama, sai ya yi wani kuka mai gangarowa, tuu-ruu-ruum, yara su ce an mutu.

Muna yi masa shaidar alheri. Bai taɓa damuwa da an ɗauke wuta ko an kawo ba. Abincinsa batir biyu ne, idan kuma suka yi sanyi aka shanya su a kan rufin kwano, yakan karɓa ya yi godiya. Ya taɓa faɗawa cikin kwanon koko ya fito bai riƙe kowa a zuci ba. Bai san Juma'a ba, bai san Lahadi ba, amma ya zauna lafiya da masu su. Idan Ayuba ya tafi coci, na Hansai ne. Idan Hansai ta tafi Islamiyya, na Ayuba ne. Sauran lokaci kuwa a bakin famfo ake raba shi, wanda ya mutu ya miƙa.

Aibinsa ɗaya, kuma na lura da shi tun makon farko. Ba a cin sa. Duk iya jerin da yaro ya yi, bulon ƙara sauri yake, har ya fi ƙarfin yatsa. Ni da na saba gaya wa ɗalibai cewa mai ƙoƙari yana ganin ƙarshe mai kyau, abin bai kwanta mini ba. Na ƙyale shi ne don na ga yaran suna dariya.

Marigayin yana da wata baiwa. A kusurwar gilashinsa yakan riƙe maki mafi yawa da aka taɓa ci, amma da zarar an cire masa batir sai ya manta. Ayuba ne ya gano maganin haka. Idan mutum ɗaya ya zare tsohon batir, wani ya cusa sabo kafin a ƙifta ido, marigayin ba ya farga. Aikin hannu huɗu ne, mutum ɗaya ba ya iya shi. Haka suka riƙa yi, kai da kai, suna riƙe numfashi.

Da fari makin Hansai ne a kusurwar.

"Kai da yatsu kamar rogo, yaushe za ka kamo ni?" in ji ta.

"Jira ki gani, 'yar Malam."

Wata Asabar kuwa ya kamo ta, ya wuce, ya ajiye dubu arba'in da bakwai da ɗari uku. Sai da ya zagaya ɗakunan gidan kaf yana nuna wa manya, har ni ya sa na ɗauko tabarau na duba.

Bayan 'yan watanni gari ya ɗauki zafi. Ba sai na maimaita wa mutanen Kaduna abin da suka gani da idonsu ba. Aka sa dokar hana fita. Muna hango hayaƙi ta saman katanga, ba wanda ke tambayar na ina ne. Bulus da iyalinsa suka dawo ɗakinmu na ciki, matata Safara'u ta rataya zane a taga. A ranakun nan ne Magajiya ta ce a kashe wa marigayin murya, kada a ji daga waje. Ya yi biyayya. Yaran suka ci gaba da wasa a ƙarƙashin gado, bulo na sauka ba tit ba kiririt, mu manya muna sauraron takun da ke wucewa a layi.

Da abin ya ɗan lafa, wata safiya a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Bulus ya ce za su tsallaka kogi zuwa kudancin gari, wajen ɗan'uwansa.

"Kwana biyu ne, Malam. Hankali ya kwanta mu dawo."

Na ce Allah ya sa. Ya ce amin, amma har turmin Magajiya aka loda.

Ayuba ya hau bayan mota, ya sake dirowa, ya danƙa wa Hansai marigayin.

"Riƙe mini. Kada ki bari lambata ta goge. In na dawo babu ita, kin san sauran."

"In ka tarar na wuce ka fa?"

"Ke ɗin?"

Direba ya danna hon, Ayuba ya koma da gudu.

Tun daga ranar ni na gaji hannun Ayuba wajen canjin batir. Ina zarewa tana cusawa, sa'an nan ta juya gilashin da sauri ta duba kusurwa. Ta ci gaba da wasa, hannunta kuma ya ƙware ƙwarai. Safara'u ce ta fara lura da abin da ke faruwa.

"Malam, ka kula kuwa? Yarinyar nan da gangan take mutuwa."

Na zauna kusa da ita kamar ina gyaran littattafan ɗalibai. Ta jera bulo ba kuskure har ta kusa makin Ayuba. Sai ta ɗage babban yatsanta, ta zuba ido, bulo ya taru ya taru har ya taɓa sama. Tuu-ruu-ruum. Ta duba kusurwa, ta sake farawa. Na koma kan littattafan ɗalibaina.

Labarin su Bulus ya riƙa zuwa, kowanne da kamarsa. Wani ya ce ya gan shi a Sabon Tasha. Wata ta ce sun koma garinsu gaba ɗaya. Akwai wanda ya fara ba ni labarin wata a-kori-kura a bakin gada, na roƙe shi ya bar maganar. Na je ofishinsu, na tarar da wani a kan tafiretarsa. Mai gidan haya ya jira iya jiransa, sa'an nan ya sa aka yi wa ɗakinsu fenti, wasu baƙi suka shiga.

Ciwon ajali ya kama marigayin a daminar bana. Wani batir ya yi masa yoyo a ciki, farin gari kamar kanwa ya fara cin ƙarafan. Muryarsa ta dishe. Bulo ya riƙa saukowa da ɓarin jiki. Muka kai shi wurin Ado mai gyaran rediyo a Unguwar Kanawa. Ya leƙa cikinsa, ya hura, ya girgiza kai.

"Zai tashi, Malam. A cire batir, in kankare, in wanke, ya kwana ya bushe. Gobe kamar sabo."

"Lambar fa, Kawu?" in ji Hansai.

"Wace lamba? Au, wannan? Ai ta tafi kenan. Sai ki ci wata, 'yata."

Ta miƙa hannu ta karɓi abinta.

A hanya na yi mata bayani dalla-dalla, yadda nake yi a aji, cewa in ba a wanke ba duka biyun za a rasa, shi da lambar. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Baba, ai cewa ya yi kada ta goge." Na bar mata.

Ya ƙara 'yan makonni. Madannan suka daina amsawa, wasa ya tsaya, sai lambar kaɗai a kusurwa, kullum tana ƙara dusashewa, har sai an karkata gilashin wajen rana ake ganin ta. Ranar Talata ta karkata shi ta kowace fuska, babu komai. Bai yi kukansa na ƙarshe ba.

Ya rasu ya bar Hansai mai jinyarsa, da murfin bayansa da aka ɗaure da roba, da tsofaffin batura cike da gwangwanin madara, da yaran layi masu jiran a ba su taɓawa. Ya kuma bar mai shi, Ayuba ɗan Bulus, wanda ba mu san inda yake ba. Duk wanda ya tsallaka kogi ya haɗu da shi, ya gaya masa ba a wuce shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a gindin gwabar da ke bayan famfo. Ba za a yi masa salla ba, ba za a yi waƙar coci ba, tunda ba mutum ba ne. Za a naɗe shi a ƙyallen da Magajiya ta manta a kan igiyar shanya. Babu zaman makoki, kuma muna roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo batir.

Ni na so a adana gawar a cikin akwatina, don mai ita ya gani da idonsa ranar da ya zo. Hansai ce ta ce a binne. Ta gane Ayuba ba zai dawo gidan nan ba.