Rasuwar 'Yar Maraɗi, Wuƙar Tsiren Malam Ismaël

Da zuciya mai cike da baƙin ciki ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na unguwar Mount Hope da ke Bronx rasuwar 'Yar Maraɗi, wuƙar Malam Ismaël mai tsire. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a kan teburin kicin, bayan gajeriyar jinya ta minti ashirin.

Marigayiya gadon uba ce. Ta ƙetaro teku naɗe da zani a ƙasan akwati, ta shekara goma sha huɗu tana yanka nama a Bronx, ba ta taɓa cin yatsan mai ita ba. Maƙwabta sun san ta da "shuu, shuu" a kan dutsen wasi da "ƙwas, ƙwas" a kan katako. Fara ce tas, ba wanda ya taɓa kushe ta.

Ciwon ajali ya sauko ne daga hawa na uku na benensu, gidan Kwaku ɗan Kumasi, mai yanka bel na fata yana kaiwa kasuwar Canal Street. Kwaku ya samo wani ruwa a 'yar kwalba, irin wanda masu bindiga ke shafa wa ƙarfe ya yi baƙi. Ya shafa wa wuƙarsa ta yankan fata, ta fito baƙa sumul kamar bugaggen rini. Ya kawo ta har teburin Ismaël, masu sayen tsire suka yi ta karɓa hannu zuwa hannu, namansu na hucewa. Har Mariama, matar Ismaël, ta yaba. Ranar maigidan bai ci abincin kirki ba.

Da ya tambayi Kwaku yadda ake yi, da yau ba a zaman makoki. Kishi ya hana shi hawa bene biyu. Ya sayo tasa kwalbar a ɓoye, ya wanke wuƙar, ya goge ta da samfefa, sannan ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa: ya bi ta da babban yatsa don jin kaifi. Hannun kuwa tun safe yake cikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi kuma ruwan nan ba ya kama wurin da mai ya taɓa. Da ya shafa mata ruwan, marigayiya ta fito dabbare-dabbare, ga shatin yatsa fari fat a tsakiyarta. Sai a lokacin Mariama ta karanta jikin kwalbar, ta ce guba ce. Daga nan wuƙar ta yi sallama da nama har abada.

Ta rasu ta bar kube, da dutsen wasi, da tsinkaye masu yawa, da wata wuƙar kanti mai ƙotar roba da za ta gaje ta ba don ta cancanta ba. Wuƙar Kwaku kuwa, abin takaici, lafiyarta ƙalau.

Kwaku ya nemi a ba shi gawar ya kankare ta, ya sake rina ta, ta riƙa yanka masa fata. An ji, an gode, ba za a bayar ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a zanin da ta zo da shi, a akwatin da ta zo a ciki. Kwaku yana iya halarta, muddin ya baro tasa a sama. Za a kwantar da marigayiya ta ɓangaren da shatin yatsan yake, don kada masu ta'aziyya su gane wanda ya kashe ta.