Ranar da Na Haɗa Ampili da Kaina

Na sayo ampili mai ƙara sauti da manyan lasifika huɗu a kasuwar Katako don tsohuwar motata kat-kat. Mai gyaran wutar mota ya ce in bari ya haɗa mini.

Na ce, "Haba Malam, waya biyu ce fa!"

Washegari na nufi Tondibia, ana suna a gidan surukina. Kiɗa ya ƙi fita, na yi ta murɗawa har na ƙure murya. Ashe da wayar fitilar giyar baya na haɗa.

Liman na tsakiyar addu'a na sa giyar baya in gyara tsayuwa. Kiɗan kalangu ya tashi daga lasifika, ragon suna ya tsinke igiya ya nufi kogi.

Har yau in na yi sallama zan tafi, surukina kan ce, "Yara, ku riƙe raguna, zai yi baya."