Ƙasar Wajen da Ke Bayan Gonar Citta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je gaisuwar iyayen Rahila a Madakiya ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Har yau idan damina ta kankama, na ji ruwa yana zuba daga indararo, sai kunnuwana su ɗauki zafi kamar an kama ni da nama a hannu a bakin tukunya.

Bari in fara daga ciwon, kafin in zo kan ranar da ya kayar da ni. A Kafanchan aka haife ni, a kwatas ɗin reluwe. Babana masinja ne a tasha, yakan dawo gida da tsofaffin ambulan da aka zubar. Ni kuma in yanke kusurwar da kan sarki yake, in jiƙa a faranti da ruwan ɗumi har ya saki takardar da kansa, in shanya, in danne da littafin waƙoƙin Mama don kada ya nannaɗe. Masu hoton shugabanni ba su dame ni ba. Nawa su ne masu giwayen gandun dajin Yankari, da Dutsen Zuma, da tsaunukan da hazo ya rufe. Daga baya na haɗa da katuna masu hoto, irin waɗanda ake aikawa ta gidan waya. Na san Gurara da Mambila kamar tafin hannuna, alhali iyakar tafiyata Kagoro, can ma biki ya kai ni.

Ciwo na biyu littattafan soyayya ne, waɗanda nake ara a rumfar Malam Isuhu a kasuwa. Duk sanda na dawo da ɗaya na ɗauki wani, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan Mishan, karatun nan naka zai kai ka garin da ba motar dawowa." (Dariya nake yi. Ashe annabci mutumin yake.)

Shi ne ya ba ni wani tsohon albam da ya tsinta cikin buhun takardun da za a kai wa mai tsire. An manne katunan ciki da gam mai ƙarfi, ba halin ganin bayansu sai an yaga, kuma mai tara kati ya gwammace a yaga masa riga. A tsakiyar albam ɗin na gamu da katin da ya sace mini hankali. Ruwa ne fari fat yana faɗowa daga kan wani baƙin dutse ta bakuna dabam-dabam, ƙasa kuma tafki, kewaye da itatuwa kore shar. A gaba ga Bature da matarsa sanye da malafa, suna riƙe da hannun juna. Tunda na ga Turawa na yanke hukunci: wannan ƙasar waje ce. Wace ƙasa? Ban sani ba, ban kuma nemi sani ba. Na dai sa a raina nan zan kai matar da zan aura.

Rahila a ƙungiyar mawaƙan coci na same ta. Ɗinki take koyo a layin kasuwa, tana zaune wurin yayarta, ba ta da yawan magana. Tica take kirana, don a lokacin na fara koyarwa a firamare. Ni kuma ina kiranta sunayen da na kwaso daga rumfar Malam Isuhu: tauraruwa, sanyin idaniya, fitilar zuciya. Takan ce, "Tica, ka ci abinci kuwa? Wannan magana naka kamar na mai yunwa."

Wata rana tana ɗinka maɓalli ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Ina da ƙane, Bulus. Ruwa ya ci shi." Wani mai hankali da ya zauna ya tambaya: yaushe, a ina, yaya aka yi? Ni kuwa tuni na shiga laluben jimlar da jarumin littafi zai faɗa a irin wannan wuri. Na ce mata daga yau ni ne ƙanenta, ni ne yayanta, ni ne bangon da za ta jingina. Ta ce, "To, na gode." Ta ci gaba da ɗinkinta.

Bayan wasu watanni, a gindin mangwaron coci bayan koyon waƙa, na buɗe mata albam ɗin, na nuna mata katina. Ta zuba masa ido ta daɗe. Sai na ga hawaye yana gangarowa har kan haɓarta. Jama'a, a duk littattafan da na karanta, idan budurwa ta yi hawaye a gaban saurayi ba tare da ya zage ta ba, to so ne ya yi mata yawa. Sai na yi murmushi. (Wannan murmushin, da ana sayen abin da ya wuce, shi zan fara saya in binne.) Ta miƙe ta ce kanta na ciwo, ta tafi. Ni kuma na koma gida ina taka ƙasa kamar ango.

Da aka sa ranar gaisuwa, na kai albam ɗin wurin mai hoto, ya ɗauki katin ya faɗaɗa shi, aka sa a gilashi, na naɗe da takarda mai ƙyalli. Ban gaya wa kowa ba. A littafi ai ba a sanar da irin wannan.

Kawu Dauda, ƙanen Mama, shi ya jagorance mu. Mun ɗauki gishiri da manja da lemun kwalba da akuya guda wadda ta yi ta kuka tun daga Kafanchan. A cikin mota ya juyo ya nuna ni da yatsa.

"Kai, saurara. Yau bakinka yana aljihu. Manya ne za su yi magana. In an tambaye ka, ka ce i Baba, ka ce na gode Baba. Shi ke nan. Mene ne wannan a cinyarka?"

"Ƙaramar tsaraba ce, Kawu."

"Allah ya sa ba waƙa ba ne."

Damina ce, gonakin citta sun yi kore har ido ba ya ganin ƙasa. Da muka sauka a ƙofar gidan, na ji wata ƙara daga nesa, mai nauyi, ba ta yankewa. Na ce a raina injin niƙa ne.

An karɓe mu da mutunci. Baban Rahila dogo ne, siriri, dattijon ikilisiya, hannuwansa duk kanta. Mamanta tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno, da zanen zumuntar matan coci. Aka yi addu'a, aka sha ruwa, Kawu ya fara zagaye-zagayen da aka saba, wai mun ga wani fure a gidan nan. Baffanninta suna ja, ana dariya. Komai yana tafiya daidai. Har na hango Rahila ta labule tana murmushi. Da na bar bakina a aljihu, da yau wani labarin nake ba ku.

Sai na miƙe. Kawu ya ja mini riga, na zame. Na durƙusa a gaban maman Rahila na miƙa mata ƙunshin, na juya ga jama'a na fara jawabin da na yi mako ina haddacewa a gaban madubi.

"Baba, Mama, ni talaka ne, amma zuciyata attajira ce. Wannan wuri da za ku gani yana can ƙasar waje, bayan teku, inda Turawa ke kai matansu. Na yi alkawari a gaban Allah da gabanku, ko zan yi shekara nawa ina tara kuɗi, sai na kai Rahila bakin wannan ruwa, mu tsaya a gabansa, ta manta da duk wani baƙin cikin da ta taɓa sani."

Mama ta warware takardar a hankali, tana lallaɓa ta don kada ta yage. Wani matashi cikin 'yan uwa ya leƙo ta kafaɗarta, ya tuntsire da dariya.

"Ah ah! Broda, wannan ai Matsirga ne!"

Biyu ko uku suka taya shi. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu, don kowa ya ga fuskar Mama. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, daidai kan tafkin, kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Ta ce, "Bulus." Sau ɗaya ta faɗa, ba da ƙarfi ba. Sannan ta miƙe da hoton a ƙirjinta ta shige ɗaki. Daga ciki muka ji kukan, irin wanda ba a yi da murya sai da ciki.

Matsirga. Sunan da nake ji tun ina yaro. Duk Litinin ɗin Ista, idan matasan coci za su fita Galili, can suke zuwa da shinkafa da rediyo. Ni ban taɓa bin su ba. Mahaifiyata tana tsoron ruwa, ni kuma ina ganin wani rafi ne da yara ke wanka, me zai burge mai giwayen Yankari a akwati? Ina kwance a ɗaki da littafi, ina mafarkin bayan teku.

Ina nan a durƙushe, na rasa yadda ake tashi. Akuyar da muka kawo ce kaɗai ke magana a tsakar gidan. Kawu Dauda ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Can Baban Rahila ya yi gyaran murya.

"Yaro na, tashi ka zauna." Na zauna. Ya ɗaga yatsa sama. "Ka ji wannan ƙara?"

"I, Baba."

"Shi ne ƙasar waje naka. Yana bayan gona na. In ka bi citta ka gangara, ka kai." Ya dubi ƙofar ɗakin. "Ranar Galili ne. Ya tafi da abokai, ya sa sabon riga. Sai washegari muka same shi. Tun ranar, Maman su bai sake bin wannan hanya ba. Ko itace ne, sai ya zagaya ta wancan gefe."

Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Bai zage ni ba. Ya ce ma a kawo mana abinci. Na ci tuwon acca a gidan nan ina jin kowace loma kamar tsakuwa, ƙarar da na kira injin niƙa kuma tana cika mini kunne. Manya suka rufe taro da cewa za su yi shawara su aiko.

Kafin mu tafi na sami Rahila a bayan rumbu, tana wanke kwanuka. Na fara, "Tauraruwata, wallahi ban sani ba..."

"Na san ba ka sani ba, Tica." Ba ta ɗago ba. "Shi ne abin. Na gaya maka ruwa ya ci ƙane na, ba ka ce wane ruwa ba. Ka nuna mini wurin, na yi kuka a gabanka, ka yi murmushi. Na yi ta jira ka tambaye ni. Ko sau ɗaya."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ta ina zan shiga? Kullum kana magana da wata yarinya mai kama da ni."

A hanyar dawowa, da muka hango fitilun mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan, Kawu ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Da waƙar ka yi, da ya fi."

Iyayenta ba su hana ni ba, kada in ɗora musu. Ita ce ta aiko yayarta ta ce in yi haƙuri. Aka dawo mana da akuya. (Ta daɗe a gidanmu, kullum ta gan ni sai ta yi kuka, ni kuma ina ganin da gayya take yi.) Na kai wa Malam Isuhu littattafansa na ƙarshe ban ɗauki wani ba. Ya dube ni ta saman tabarau, bai tambaya ba, ya matsa mini a benci ya sa aka kawo mini shayi.

Na je Matsirga daga baya, ni kaɗai, a kan acaɓa. Tafiyar ba ta kai a gama shan rake guda ba. Ruwan ya fi na katin girma, ya fi shi kyau, feshinsa ya jiƙa ni tun ban ƙarasa ba. Na tsaya daidai inda Turawan suka tsaya, ba hannun da zan riƙe.

Bara na gamu da Rahila a Sabon Tasha, tana jiran mota da goyo a baya da wani yaro a hannu. Tana da shagon ɗinkinta yanzu, mijinta makaniki ne. Ta ce wa yaron, "Bulus, gai da Ankul." Muka gaisa, na tambayi mutanen gida. Babanta ya rasu. Na yi ta juya tambayar a bakina, sai na tuna abin da rashin tambaya ya ja mini.

"Hoton nan fa? Mama ta fasa shi ko?"

"Yana ɗakinta, a saman gado." Ta gyara goyonta. "Ta ce a hoton ruwan ba ya ƙara. Nan ne kawai take iya kallon shi."

Motarsu ta cika, ta shiga, yaron yana ɗaga mini hannu ta taga.

Har yanzu ina tara kan sarki, tsohon ciwo ba ya jin magani. Amma na koyi abu biyu, kuma da tsada na saye su. Kafin ka yi wa mace alkawarin bayan teku, tambayi ɗan acaɓa inda hanyar bayan gidansu ta nufa. In kuma ta yi hawaye a gabanka, rufe littafin da ke kanka, ka ce mata, "Me ya faru?"