Kunkurun Sarkin Sanyi

Duk faɗin Surabaya, garin da kwalta ke kama takalmi tun kafin azahar, mutum ɗaya ne ya yi nasarar mallakar lokacin sanyi nasa na kansa. Shi ne Pak (wato Malam) Raymond Hartawan, dillalin filaye, maƙwabcinmu, wanda muke kira Sarkin Sanyi idan ya ba da baya. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa kowa ba a layinmu: yakan sa rigar ulu da tsakar rana, ya tsaya a bakin get, ya nuna kamar ya manta tana jikinsa.

Falonsa abin a zo a gani ne. Iyakwandishan ke hura shi ta kowace kusurwa. Baƙo kan shiga da gumi ya fito da mura. Tagogin an liƙe su, ba sa buɗuwa, an kuma rufe su da labule mai kaurin bargo.

"Hasken rana yana cinye launin kujera, Mas," ya ce mini; Mas ɗin kamar a ce ɗan'uwa ne. "A Turai ba a barinsa ya shiga gida."

Bai taɓa zuwa Turai ba, amma ya taɓa raka wani filin jirgi.

'Yan baƙin ciki sukan ce asalin sunansa Matrawi, ɗan mai gishiri daga tsibirin Madura, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana tara gishiri a bakin teku har rana ta gasa masa baya. Sukan ce tun daga nan yake gaba da rana, kuma duk sanyin nan ramuwa ce. Mu dai ba mu yarda ba. Abin da muka sani kawai, akwai wata tsohuwa, Mak Hosni, a ɗakin bayan kicin, wadda yake gabatar wa baƙi da cewa "mai taya mu 'yan aikace-aikace ce". Hancinsu iri ɗaya ne, amma hanci ai ba shaida ba ne.

Abu ɗaya ya rage wa Pak Raymond a duniya: shiga Ƙungiyar Masu Kiwon Kunkuru. Likitoci ne a ciki da masu masana'antu, irin mutanen da ke sayen fili ba tare da sun je sun gani ba. Shugabarsu Bu (wato Malama) Lianawati ce, mai kamfanin taliya. Sharaɗinsu mai sauƙi ne. Za su zo gidanka su ga kunkurunka yana tafiya, yana cin abinci. Idan sun gamsu ka shiga. Idan ba su gamsu ba, ba a zuwa sau biyu.

Sai ya sayo kunkuru, irin manyan nan na Afirka, kamar an kife bahon wanki. Ya sa masa suna Baron. Ya sa aka gina masa ɗakin gilashi a tsakiyar falo, daidai inda sanyin ya fi taruwa, don kowa ya gani. Baron ya duba sabon gidansa, ya mayar da kai ciki. Kafin mako ya zagayo hancinsa na kumfa, abinci kuwa ko kallonsa ba ya yi.

"Pak, ko a kashe iyakwandishan ɗaya?" in ji matarsa, Bu Yuli.

"A kashe? Bu, a gidan nan ba a ragewa. Ƙarawa ake yi."

Ya shiga waya ya yi bincike, ya samo bayanin da wani ya rubuta don mutanen ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙofa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, don ya ga ashe matsalarsa irin ta Turawa ce. Ya sayo fitilun ɗumama ya rataya. Ya shimfiɗa tabarmar lantarki ƙarƙashin yashi. Ya manna ma'aunin zafi a kowane bango.

Zafin fitilu ya ratsa gilashi, falo ya fara ɗumi. Wani baƙo har ya cire kwat. Pak Raymond bai ji daɗi ba, ya ƙara iyakwandishan. Ɗakin Baron ya huce, ya ƙara fitila. Haka aka yi ta yi, sanyi da zafi suna dambe a falo ɗaya, mitar gidan tana gudu kamar an biyo ta.

"Ko a fitar da shi tsakar gida ya sha hantsi?" Bu Yuli ta sake gwadawa.

"Wace rana? Wadda ake shanya kamfai da ita? Wadda mai tura kura ke sha kyauta? Baron ba zai haɗa rana da kowa ba. Tasa zan saya masa."

Ran Lahadi da hantsi 'yan ƙungiya suka iso. Pak Raymond ya tarbe su da kwat da ƙyallen wuya. Ya tsaya gaban gilashi, ya gyara murya.

"Bu Shugaba, manyan baƙi. Abin da kuke gani nan ba keji ba ne, yanayi ne. Na raba shi kashi-kashi: nan safiya, nan azahar, can la'asar sakaliya. A waje rana takan fito lokacin da ta ga dama. A nan sai na danna."

Ya buɗe ƙofar gilashin, ya ajiye latas a farantin tangaran. Baron bai motsa ba. Bu Lianawati, wadda haƙoranta suka fara haɗuwa, ta sunkuya ta leƙa.

"Pak Raymond, yana da rai kuwa?"

"Tunani yake yi, Bu. Jininsu haka yake. Bari in kunna masa babbar, wadda na yi oda daga Jamus."

Ya danna. Aka ji ƙas. Fitilu suka mutu, iyakwandishan suka yi shiru, falo ya zama kabari. Ba a jima ba ya zama tanda, tunda taga ba ta buɗuwa. Bu Yuli ta ruga ta wangale ƙofar kicin da ta baya. Wani siririn hasken rana ya shigo ya kwanta a kan tayil, karo na farko tun da aka gina gidan.

Baron ya fito da kai.

Ya tako farantin latas ya wuce. Ya bi hasken nan, ƙafa bayan ƙafa, manyan gari suna biye da shi a layi kamar masu rakiyar gawa. Pak Raymond ya sha gabansa ya sa ƙafa don ya juya shi wajen ƙofar gaba. Baron ya ture ƙafar kamar tsinke.

"Kun gani? Horo ne," in ji Pak Raymond. "Motsa jikin safe ke nan."

Daga nan kuma da idona na gani, domin tagar benenmu bayan gidansa take kallo. Mak Hosni tana zaune a tabarma cikin rana, ta shanya kifin gishiri a faifai, tana tsinke ganyen dankali. Baron ya iso, ya miƙe wuya, ya baje ƙafafu huɗu a kan siminti mai zafi, ya lumshe ido. Da bayansa ya ɗauki ɗumi sai ya matsa ya sa kai cikin kwandonta. Ƙarar taunarsa har sama ina ji.

"Wannan shi ne sashen waje na tsarin," in ji Pak Raymond, gumi na bin ƙyallen wuyansa. "Na tanade shi ne musamman don gaggawa."

Mak Hosni ta ɗago ta dube shi.

"Matrawi, zo ka janye dabbarka, za ta cinye mini miyar rana." Ta daki bayan Baron a hankali da tafin hannu. "Kai, bar shi ma ya ci. Ubanka ma haka yake, Allah ya jiƙansa. Ba ya iya cin abinci sai bayansa ya sha rana."

Bu Lianawati ta durƙusa kusa da tabarmar, ta kira ta Ibu, wato uwa.

"Ibu, ke ce wa a gidan nan?"

"Ni na haife shi. Ki ce masa ya cire bargon nan, ni ba ya jin maganata."

Bu Lianawati ta zauna. Ta ci kifin gishiri da shinkafa, ta nemi ƙari, ta tafi da sauran a leda. Pak Raymond yana tsaye a inuwar tankin ruwa, yana yi wa wani likita bayanin fiyus, likitan kuwa hoton kunkuru yake ɗauka.

Ƙungiya ta yi zamanta a ƙarshen wata. Sun gamsu cewa Baron yana tafiya, yana kuma cin abinci. Suka karɓi kunkurun shi kansa hannu bibbiyu, suka aiko masa da gayyatar taron gaba, tare da mai kula da shi, Mak Hosni.

Pak Raymond ne ya kai su a mota. Ya jira a waje, cikin rana.