Likita a Kujerar Baya

"...lafiya lau, tunda yau an tuna da miji. Ina abincina?"

"Wane abinci, Kaka? Haƙora nawa suka rage maka?"

"Biyar, kuma kowanne ya fi ki tsawo."

Guntuwa ta zube a bakin tabarmarsa, ta wurgar da littafin da ke hannunta. Ba ta yi dariya ba, abin da ya sa tsohon ya rage muryar rediyo ke nan. Ya san zancen. Gobe da safe za ta zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya, wadda ta kayar da ita bara da maki uku kacal, kuma bana ce damarta ta ƙarshe, shekarunta na gab da wucewa. Shi kuwa Kaka shekara arba'in ya yi yana lodin fasinja a tasha, ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma fuskar jikarsa kam yana karanta ta sarai.

"Ni fa ba za ni ba gobe," in ji ta.

"Madalla! Dama na gaji da auren 'yar boko. Ki zauna ki riƙa cire mini furfura."

"Sai in shekara ɗari ban gama ba."

"To me ya kore ki?"

"Waɗannan tambayoyin na wasa ƙwaƙwalwa. Wane yana gaban wane, wane ba ya kusa da wane. Ina karanta na uku na farko ya gudu."

Tausayinta ya ji har cikin ransa. Amma ina, ba a san shi da lallashi ba.

"Karanto mini ɗaya, in nuna miki bambancin kai da ƙwarya."

Ta harare shi, ta jawo littafin. "Mutum huɗu a mota, kujeru huɗu a jere, daga gaba zuwa baya. Likita, tela, kafinta da mahauci. Likita yana bayan tela, dab da shi. Kafinta yana wani wuri gaban tela, amma ba shi ne a kujerar farko ba. Wa ke kujerar farko?"

"Au! Lodi ne ashe? Lodi ne ya hana matata barci?" Ya tuntsire da dariya har da tari. "Yarinya, ni na taɓa zaunar da mutum goma sha takwas da akuya biyu a motar mutum tara, ba wanda ya taka wani."

"Bara ka ce akuya ɗaya ce."

"Ta haihu a hanya. Kwaso mini takalman can."

Ta kwaso na ƙofar ɗaki tana ƙunƙuni. Ya ware huɗu ya jera a gabansa.

"Laifinki ɗaya, kina loda mutane a cikin kanki, alhali kan naki ko keke bai kai ba. A ƙasa ake lodi. Wannan sau-cikin nawa mai sheƙi shi ne likita. Silifas tela. Kambas ɗinki kafinta. Na robar nan mai wari mahauci."

"Ai naka ne shi ma."

"Na baƙo ne. Saurara. In fasinja biyu suka ce tare suke, ba a raba su, kaya guda ne." Ya zare igiyar kambas ya ɗaure sau-ciki da silifas. "Yanzu mutum nawa gare ki?"

Ta ƙirga. "Uku."

"Kin ga har motar ta yi sauƙi."

Sai ya ɗauki ƙullin nan ya kai can gaba, sau-ciki a kan gaba, silifas na biye, ya jera sauran a baya, ya karkaɗe hannu.

"Likita ne a gaba. Direba, ja mu tafi!"

"Kaka, an ce likita yana bayan tela."

"Wa ya ce?"

"Littafin."

"Littafin ya taɓa zuwa tasha? Ni in sa likita a bayan tela? Mutumin da gobe zai riƙe mini allura?"

Ba wasa yake ba, wallahi. Shekara arba'in bai taɓa kai mai farar riga baya ba, hannunsa ma ya ƙi.

"Matsa, tsoho, ka ɓata lodi." Ta durƙusa ta juya ƙullin, silifas gaba, sau-ciki baya. "Kafinta yana gabansu, to ga shi nan. Amma an ce ba shi ne na farko ba, ke nan dole akwai wani a gabansa. Wa ya rage?" Hannunta ya tsaya a kan takalmin roba. Ta ɗauke shi a hankali ta ajiye a gaba. "Mahauci."

"Mahauci a gaba, likita a kan taya? A'uzubillahi! Duba littafin, ƙarya kike."

Ta buɗe shafin amsoshi, ta bi da yatsa. Sai ta rufe baki da hannu, idanunta suka cicciko.

"Mahauci ne, Kaka."

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ɓata fuska.

"Sa'a ce. Karo wata."

Ta karo ta mutum biyar, ta haɗa da takalmin wanka. Ta karo ta mutum shida, ta cire hular kansa ta ce ita ce lauya. Yana ta kawo ƙorafi, wannan bai dace da taga ba, wancan ya girmi wancan, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi, tana ta jera abinta. Duka biyun ta ci.

"To gobe buhun takalma za ki ɗauka?" ya tambaya.

"Zan zana su a gefen takarda. Mai warin in rubuta masa sunanka."

"Au, za ki ke nan? Wa zai cire mini furfurar?"

"Ka nemi wata matar. Ni ba na zama da mijin da ya faɗi jarrabawar 'yan shekara sha uku."

Kaka ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Ya kwance agogon hannunsa, wanda ko ɗansa bai taɓa ba aro ba, ya kama siririn hannunta ya ɗaura mata a ramin ƙarshe, duk da haka yana lilo.

"Na faɗi, na yarda. Ki riƙa duba lokaci, kar ki tsaya gaisawa da fasinja." Ya saki hannun, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "In kin zama likitar, ki zo tasha. Ko da sanda nake tafiya, ni zan sa ki a gaba."