Baƙin Mai Ya Daskare a Ƙofar Surukai

Juwairiyya mai masa ta riga kowa a Unguwar Rogo sanin wanda ya kwana da damuwa, domin ta gabanta ake wucewa bayan sallar asuba. Ran nan, ana wani ɗari mai sa mutum ya ji tsoron buta, sai ga taubashinta Tambari direba yana raɓe-raɓe. Mutumin da tun daga bakin titi ake jin muryarsa, yau gaisuwar ma ciki-ciki yake yin ta.

"...lahiya lau, Juwaira. Ya ɗari?"

"Ɗari lokacinai na. Bawana, wa yam mutu?"

"Rage murya. Garwashi nika so, ɗan kaɗan cikin kasko."

"Ƙato da kai? Gidanku ba bargo?"

"Ba ni ba, mota. Baƙin mai ya daskare cikin inji, ta ƙi tashi. Sai an gasa mata ciki."

"Wane iri kaz zuba mata?"

Tambari ya duƙar da kai. "Mai kauri."

"Cikin wanga ɗari? Ka sa mata kunun kanwa mana, ta ƙoshi gaba ɗaya!"

"Ke da ko keke ba ki iya ba, mi kis sani? Wagga masa taki in an jehi kare da ita sai ya suma."

"Amma kasko kaz zo roƙo. Mai shagon da kas sayi man bai hwaɗa maka ba?"

"Ya ce in ɗauki marar kauri har ɗari shi wuce. Nic ce motar gas ta Sakkwato ba ta shan ruwa-ruwa, da zahi ta saba."

"To, ita ta ji ka. Gaban wa kay yi wanga cika baki?"

"Gaban Alhaji Junaid."

Juwairiyya ta saki cokalin juya masa. "Baban Muhsina? Wadda kaka nema?"

"Shi. Albasatai na cikin motar, lodin hwarko da yab ba ni, don shi ga ko ni mutumin kirki na. Ƙohwar gidanai tak kwana. In ya hito ya ishe ni kwance ƙarƙashin mota ina hura wuta kamar mai gasa rogo, da wace huska zan koma gidan?"

Dariya ta cika mata ciki har ta riƙe haƙarƙari. Amma da ta dubi fuskarsa sai ta ga abin ya wuce wasa. Kunya ta gama cin Tambari, idonsa har ya kawo ruwa, kuma ba hayaƙi ba ne.

"Kasko dai ba ni ba ka," in ji ta. "Kowa yag gan ka da shi ya san abin da ya hwaru."

"Haba, Juwaira!"

"Ɗauki murhu da tanda, ni in ɗauki ƙullu. Yau gindin motarka zan yi suya, iska ta dame ni nan. Abin da yar rage na garwashi in riƙa tura shi ƙarƙashin inji, ba mai lura."

"In Alhaji ya hito hwa?"

"Sai ka daka mini tsawa, ka ce ka hana ni ban ji ba. Ka zage ni iya son ranka." Ta aza ƙwaryar ƙullu a ka tana dariya. "Yi da kyau, wawa. Yau kaɗai ba ni ramawa."