Yadda Ake Nutsewa Cikin Gem Ɗin Harbi a Sabon Birni Ba Tare da Kwamfuta Ta Faɗa Rijiya Ba

Kai da ka gaji da gem ɗin da mutum zai sha harsashi a ƙirji, ya laɓe bayan katanga, ya fito garau, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, za ka shige cikin wasan har ka manta a kan tabarma kake zaune, kuma kwamfutarka ba za ta jiƙe ba. Na gwada su a kan ɗalibina Muzammilu, ɗan Malam Sammani na nan Sabon Birni. Yana nan da ransa, in kana so ka tambaye shi.

Batun jiƙewar nan ba ado ba ne. Yayansa Amiru ne ya aiko masa da kwamfutar daga Sakkwato don ya yi shirin jarrabawar shiga jami'a. Ranar da ta iso, mahaifinsu ya rantse a gaban uwarsu, Inna Larai, cewa duk ran da ya kama shi yana wasa da ita, rijiyar tsakar gida ce makwancinta. Malam Sammani kuwa ba mai yawan magana ba ne, balle rantsuwa.

Mataki na 1: Zaɓi gem ɗin da ba ya ƙaunarka

Nemi irin wanda ake sakinka cikin ƙaton daji, ba ka ganin fuskarka, sai hannuwanka da bakin bindiga, a ce je ka inda ka ga dama. Wanda Muzammilu ya samo wajen masu tura fim a bakin tasha ya cika sharaɗi. A cikinsa bindiga tana tsatsa, ta cije maka ana tsakiyar ba-ta-kashi. Mota tana mutuwa a hanya, sai ka sauko ka buɗe gabanta ka ɗaure wani abu da sifana. In wuta ta kama busasshiyar ciyawa, iska ce ke zaɓar wanda za ta ci. Jarumin ma fama yake da zazzaɓin cizon sauro, in ya taso masa allon ya yi rawaya, sai ka bar yaƙi ka nemi ƙwaya. Kowace kwana kuma da shingen masu bindiga.

Na san abin da za ka ce, wai duk wannan muna da shi kyauta tsakanin nan da garin Isa. Gaskiyarka. Amma Turawan da suka ƙera shi sun sha wuya kafin su kwaikwayi zamanmu, kuma raina aikin mutane ba tarbiyya ba ce. Ban da haka, nasu ana iya tsayar da shi in an kira salla.

Mataki na 2: Kashe duk abin da ke taimakonka

Shiga wajen saiti. Ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo, kashe ta. Ɗigon da ke nuna maka inda harsashi zai sauka, kashe shi. Lambar da ke gaya maka harsasai nawa suka rage, da jan layin da ke auna sauran ranka, duk ka sallame su. Gwani da rana yake gane gabas, harsashinsa kuma sai ya ja kunamar bindiga ya ji shiru yake sanin ya ƙare.

Muzammilu ya yi haka, ya wuni yana kewaya dutse guda bai sani ba, ya fito yana ce mini bai taɓa jin daɗin tafiya irin ta ranar ba. Shi ne kuma yaron da in an aike shi sayen gishiri bayan masallaci sai ya tambaya ko ba mai mashin da za shi wajen.

Mataki na 3: Sa jikinka ya yarda

Ido kaɗai ba ya nutsar da mutum. Rufe taga da tsakar rana, ka kashe fanka in kuna da ita. In jarumi ya duƙa, kai ma duƙa. In ya ja ciki, ja ciki. Kada ka sha ruwa sai ya iso bakin rafi.

Za a leƙo. Inna Larai ta leƙo ta tarar da ɗanta rub da ciki, gumi na ɗiga, yana numfashi sama-sama. Ta je ta dafo masa tazargade. In haka ta same ka, shanye, kada ka yamutsa fuska. Jaruminka zazzaɓi yake yi, kai kuma ga ɗacin magani a bakinka, ba kamfanin da ya taɓa kai wasa wannan matsayi.

Ka kuma koya wa yatsunka biyu sauya allo cikin ƙiftawar ido, tambayoyin jarrabawa su rufe dajin. Haɗa gira, ka riƙa motsa leɓe. Da wannan dabara Muzammilu ya samu Inna Larai ta kai wa Malam rahoton cewa karatu na neman ƙarar da yaron, aka ƙara masa nono a fura.

Mataki na 4: Gyara sauti

Nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Rabin gaskiyar wasan a kunne take, domin takun maƙiyi da karyewar kara da inda harbi ya fito duk da ji ake gane su. Abin saƙawa a kunne na Muzammilu kuwa ɓangare ɗaya ne ke aiki, saboda haka duk wanda ya zo masa ta hagu sai dai ya ga allo ya yi baƙi.

Kada ka haƙura. A kowace unguwa akwai irin Ɗanmusa, mai tallar maganin shawara a kasuwa, wanda ke da lasifika mai batir da ke zaman banza in ba ranar kasuwa ba. Je ka aro. Ce masa karatu za ka saurara, ba ƙarya ka yi ba tunda ba ka faɗi wane iri ba. Jira mahaifinka ya fita gaisuwar rasuwa gidan surukansa, ka rataye ta a taga, ka murɗa har ƙarshe.

Kada ka tsaya duba ina bakinta ya kalla. Masu dube-dube ba sa zama gwanaye. Ta Muzammilu titi ta kalla.

Mataki na 5: Ja kunama

Bayan la'asar ne, unguwa cike da mutane. Muzammilu ya lallaɓa ya iso wani shinge a cikin wasan, ya saki wuta da babbar bindiga, masu tsaron shingen su ma suka mayar masa.

Fatu mai ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta. Dattawan da ke hira gindin dogon yaro suka watse, takalma suka rage a kan tabarma. Masu shaguna suka ja ƙofofi, masu mashin suka bi lungun da ko akuya sai ta karkace. A gidan rasuwa aka bar addu'a a tsakiya. Inna Larai ta suri yaro ta faɗa ɗakin ajiyar hatsi, sai da ta zauna ta ga ashe ɗan maƙwabta ne.

A nan dariyata takan ƙare, ba zan ɓoye maka ba. Cikinsu ba wanda ya tsaya tambayar mene ne. Ƙafafunsu sun riga sun san ƙarar, kuma ba a allo suka koye ta ba.

Muzammilu dai yana ciki yana ɓarin wuta. Ya ji ihu da salati da kukan yara sun cika ɗaki, ya girgiza kai don mamaki, ya ce a ransa lallai Turawan nan sun kai, har kukan mata da Gobiranci suka saka. In ka kai nan, ka nutse. Rabin alkawarina ya cika.

Mataki na 6: Gudu tare da jama'a

Da zarar ka gane muryar da ke salati ta innarka ce, fita a guje ka shiga cikin mutane. Riƙa waiwaye kana tambaya ta ina suka shigo. Mai tambaya ba a zarginsa.

Sai dai ka tsayar da wasan kafin ka fita. Muzammilu ya manta. Jarumi ya tsaya tsakiyar fili ba mai tuƙa shi, aka harbe shi, harbi ya ɗauke, sai wani kiɗa mai taushi ya biyo, wani Bature ya hau yi wa unguwa bayani da Turanci. Mutane suka fara leƙowa daga maɓoyarsu. Ɗanmusa, wanda ke kwance cikin kwalbati, ya ɗago kai ya saurara.

“Wagga lasifikata ta,” in ji shi. “Ko cikin kabari na san tarinta.”

Mataki na 7: Durƙusa tun ba a ce ka durƙusa ba

Malam Sammani ya dawo da takalmi ɗaya. Bai shiga gida ba sai da ya bi ƙofa-ƙofa yana ba mutane haƙuri, har wajen Fatu da ƙosanta ya zama gawayi. Sannan ya shigo, ya zauna a kan turmi kusa da rijiya, ya ce a kawo.

Ya kamata ka san wanda za ka durƙusa wa. Malam manomin Gatawa ne, gonakinsa na gero da dawa suna can. Tun da hare-haren ɓarayin daji suka taso su, yake zaune a gidan haya a cikin gari. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, iyakarsa masallaci da gidan gaisuwa. In hadari ya haɗu yakan fito ya tsaya yana kallon gabas, sannan ya koma ɗaki.

Kada ka yi ƙarya, lasifika ta riga ta ba da shaida. Kada ka yi kuka, ka girma. Yi abin da Muzammilu ya yi: ya ajiye kwamfutar a gaban uban, ya roƙe shi don Allah kafin ya jefa ta ya dubi abin da ido, ya ƙara da dogon bayani kan yadda wasan ke koya haƙuri da sanin hanya da Turanci. Malam ya bar shi har ya gaji don kansa.

“Buɗe,” ya ce. “In ga abin da yas sa ni gudu gaban surukkaina.”

Mataki na 8: Nuna masa maɓallin tafiya, ka yi shiru

Saƙa masa abin kunnen a ɓangaren da ke aiki. Nuna masa inda ake dannawa a yi gaba, da yadda ake juya kai. Kada ka nuna masa harbi sai ya tambaya.

Malam bai tambaya ba. Ya ɗora yatsa ɗaya ya danna, mutumin allo ya kama tafiya. Ya ratsa ciyawa, ya gangara wani kwari, ya tsallake rafi. Ya tsaya ya ce a nuna masa yadda ake duban ƙasa. Ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan wuri zai yi dawa, ya tambayi ko gonar wa ce. Muzammilu ya ce ba ta kowa ba ce. Ya tambaya har ina ake iya zuwa, aka ce masa har inda ya gaji. Ya tambaya ko ba mai tare mutum. Muzammilu ya ce akwai, amma in ka bar hanya ka bi daji ba sa ganinka. Malam ya ce haka yake, ya bar hanya.

Gwiwoyin Muzammilu suka yi tsami a ƙasa. Inna Larai ta zo da faifai a hannu ta tsaya bayan mijinta, ba ta koma aikinta ba. Tsuntsaye na kuka a kunnen tsohon guda ɗaya, shi kuwa sai tafiya yake, har rana ta fara sunkuyawa a can cikin allon.

“Muzammilu, wane maɓalli ka aje bindigag ga? Tana tare man gani.”

Yaron ya matso ya danna duk abin da ya sani. Wannan ya canza ta da ƙarama, wancan ya fito da gurneti, wani ya ɗaga ta saitin ido. Ya shiga saitin da yake taƙama da shi ya fito, babu. Turawan da suka tuna da tsatsa da sauro ba su yi tunanin wani zai so yawo hannu sake ba. Can ya danna na ƙarshe, sai ga adda a hannun mutumin.

“Tsaya nan,” in ji Malam. “Bar man ita. Ita ko sassabe ta yi.”

Ya sari ciyawar da ke gabansa, ya matsa, ya sake sara. Bai ɗago ba sai da caji ya ƙare. Ya rufe kwamfutar da kansa, ya goge ƙurar bayanta da hannun riga, ya shige ɗakinsa da ita.

Sanarwar wanke hannu

Na ce ba za ta faɗa rijiya ba, ba ta faɗa ba. Ban taɓa cewa za ta ci gaba da zama taka ba, koma ka karanta. Muzammilu yanzu a takarda yake shirin jarrabawarsa, aikinsa da kwamfuta bai wuce kai ta caji da ɗauko ta ba, sai kuma in Malam ya yi kuskure ya faɗa shinge, a kira shi ya fitar da shi, Malam na kallon bango har a gama.

Saboda haka ba ruwana da ƙosan da ya ƙone, ko takalmin da ya ɓata, ko Ɗanmusa da ya daina amsa sallamarka. In mutanen unguwa suka sa maka suna, ka amsa. In kuma wata safiya ka ji tsohonka ya ce wa innarka, “Za ni gona,” ka ga ya shimfiɗa tabarma a zaure ya buɗe kwamfutarka, kada ka zo mini da ƙorafi. Kai masa ruwa a buta, ka ja masa ƙofa.